Albasar Abarshi

A ƙasar Gayam, in ana hirar ƙarfi a gona, da sunan Abarshi ake farawa. Dogo ne mai faffaɗan ƙirji, ga dariya da ake jiyowa daga hayin rafi. Ranar gayya kuwa, da makaɗi ya ɗora gula a kan gangar noma ya ambaci sunan kakansa, sai ka ga ƙasa tana tashi a bayan Abarshi kamar ana shiƙar hatsi. Kafin samari su kai tsakiyar kunya, shi ya kai ƙarshe ya juyo yana tambayarsu ko barci suke yi. Daga Kazage har Saminakar Birnin Gwari ake aiko masa da goron gayya.

Sai dai in ka bi ta tasa gonar, sai ka riƙe baki. Dawa ce da ciyawa suke kokawa, kuma yawanci ciyawar ce a sama.

Ba wanda zai kira shi rago. Matsalar ita ce aikinsa na tashin zuciya ne. Wata rana zai dubi gonar ransa ya ɓaci, ya rantse yau sai ya ga bayan ciyawar nan, ya duƙa tun sanyin safiya har faɗuwar rana, ba ci ba sha. Washegari jiki ya yi tsami, sai ya ce bari ya huta. Kashegari ana suna a Kazage. Daga nan kasuwar Birnin Gwari ta ci. Sai kuma maharba su biyo za su daji, su ce ba inda za su sai da shi. Kafin zuciyar ta sake tashi, ciyawa ta karɓe abin da ya ƙwace mata, har ta ƙara da nasa.

Sau biyu yana buɗe lambun rani a fadamar bayan gari. Duk sau biyun ya share filin da ƙarti uku ba za su iya shayarwa ba, ya kafa jigo, ya dasa albasa, mutane suka yi ta zuwa kallo suna sa albarka. Duk sau biyun albasar ta bushe a tsaye, domin ita ba ruwanta da rantsuwa, ruwa take so kowace safiya.

A shekara ta biyu da ƙarewar yaƙin basasa, da kaka ta yi aka shigo da hatsi, Abarshi ya hau tsani ya leƙa rumbunsa, ya ga dawar ko rabi ba ta kai ba. Ya sauko a hankali, ya tsaya tsakar gida ya kama ƙugu. Matarsa Furera tana tankaɗe a gindin murhu, 'yarsu Habiba tana barci a bayanta.

"Furera, bana zan yi lambu," in ji shi. "Kuma wannan karon da gaske nake. Na ƙudurta a raina."

"Allah ya ba da iko, Maigida."

"Haka kika ce bara."

"Kai ma haka ka ce bara."

Ya so ya yi fushi, dariya ta riga shi. "Zuciyar bara ba ta kai ta bana ba. Za ki gani."

Furera ta ci gaba da tankaɗenta. Da ya fita, ta karkaɗe zanenta, ta bi ta ƙofar danga ta shiga gidan maƙwabtansu, wurin Martha.

Martha matar Baba Enoch ce, kuma danga ɗaya ta raba gidajen biyu tun zamanin mahaifin Abarshi. Baba Enoch dattijo ne a cocin garin, ɗan ƙaramin mutum, siriri, in yana tafiya kamar yana jin tausayin ƙasa. Ba a taɓa kiransa gayya don ƙarfi ba. Amma lambunsa na bakin rafi, gindin wata tsohuwar kanya, bai taɓa yin rani a bushe ba. A wannan kakar 'yarsa Helen, wadda take aikin jinya a Kaduna, ta aiko masa da rediyo, 'yar baƙa mai maratayin fata.

Abarshi kuwa, in akwai abin da yake so fiye da kiɗan gayya, to labari ne. Yana jin zancen rediyon ya faɗa gidan da yamma, ko sallamar kirki bai gama ba.

"Baba, ashe Kaduna ta shigo gidanka ba ka gaya mana ba? Kunna mu ji!"

Baba Enoch ya dubi Martha, Martha ta dubi tukunyarta. Ya ɗauko rediyon, ya ja mata ƙarfen nan dogo, ya murɗa. Ba abin da ya fito sai shuuu, kamar ana zuba tsaba a tire. Ya murɗa gaba, ya murɗa baya, shuuu.

"Ka ji abin da take yi mini a gida," in ji shi. "Ina jin duwatsun nan ne suke tare maganar. Amma a bakin rafi, gindin kanya, da sassafe, sai ka ce mutumin yana zaune kusa da kai."

Washegari, ana sallame sallar asuba, Abarshi bai ko leƙa gida ba, ya gangara fadama. Tun daga nesa ya jiyo murya ras, tana gaishe da masu sauraro. Ga rediyon rataye a reshen kanya, ga Baba Enoch yana jan jigo: ya saukar da guga cikin rafi, ya ɗago, ya juye a magudana, ruwan ya bi ya shiga fangali. Abarshi ya sami saiwa ya zauna, baki buɗe. Aka yi labarin Legas, aka yi na ƙasashen da bai taɓa jin sunansu ba. Can ya waiwayo ya ga dattijon yana goge gumi da gefen riga, sai kunya ta kama shi. Ƙato kamarsa a zaune, sa'an mahaifinsa yana aiki.

"Kawo, Baba, ka huta."

Ya karɓi igiyar. Kunne yana wurin labari, hannu yana ja, bai ma san sanda ruwa ya kai fangalin ƙarshe ba. Sai ga Furera da Martha sun gangaro ɗiban ruwa, Furera da tulu a ka, Martha da nata a kafaɗa yadda matan Gwari suke ɗauka. Furera ta ajiye masa kwanon koko mai zafi da ƙosai a ganye.

"Na ga ba ka dawo ba, na ce bari in biyo ka da shi."

Yana cikin sha aka gama labarai, aka ɗan sa kiɗa. Baba Enoch ya miƙa hannu ya kashe rediyon, ya rataya ta a kafaɗa.

"Haba, Baba! Yanzu fa jikina ya fara ɗaukar zafi."

"Batir ba a rafi ake kamo shi ba, ɗana. Ajiye sauran zafin, za mu neme shi gobe."

A kan hanyar komawa Abarshi ya kawo maganar lambunsa, ya nuna da hannu inda zai share, daga gindin kanya har can inda gora ta yi duhu. Baba Enoch ya saurare shi har ya gama. Sannan ya koma da shi, ya ja layi da sandarsa a gefen nasa lambun, ɗan wuri kamar shimfiɗar tabarmi kaɗan.

"Fara da wannan."

Abarshi ya dubi layin, ya dubi dattijon. "Ni? Wannan ai lambun tsohuwa ne. Kafin a gama gaisuwa a rediyo na shayar da shi."

"To, ka ga sai ka ji labarai a zaune."

Wannan magana ta shige shi. Ya yarda, yana gunaguni. Da ya ɗauki fartanyarsa zai wuce gida da ita, Baba Enoch ya ce ya jefa ta cikin 'yar bukkar da ke gindin kanyar, tare da guga, me zai sa mutum ya yi ta jigilar ƙarfe safe da yamma.

Haka abin ya fara. Abarshi bai sake yin rantsuwa ba, don ba ya jin yana yin wani abin da ya isa rantsuwa. Labarai yake zuwa ji. In ya zo kuwa, ga jigo a gabansa, ga fartanya a bukka, ga koko yana tafe, domin Furera ta daina ajiye masa a gida, ta ce wuta biyu take yi in ya huce. Ya yafa irin albasa, ya tsiro kamar gashin jariri. Ya yi girma, suka dasa.

Lokacin nan ne rediyo ta fara sanarwa cewa nan gaba kaɗan motoci za su bar hannun hagu su koma bin hannun dama. Wannan labari ya ci musu safiya da yawa.

"To jakuna fa?" in ji Abarshi, yana juye guga. "Wa zai gaya wa jakin Mu'azu mai gishiri? Jakin da tun yana ɗan ƙarami hagu yake bi in ya hau titi?"

"Sai gwamnati ta aiko masa da takarda," in ji Baba Enoch.

Martha ta yi dariya har ruwa ya fantsalo mata daga tulu, ta faɗi wata magana da Gwaranci wadda ta sa mijinta ma ya dara. Abarshi ya ce a fassara masa, aka ce ta ce ko jakin zai fi wasu direbobin saurin ganewa.

Ranar Lahadi Baba Enoch ba ya taɓa jigo, coci yake zuwa. Sai ya riƙa kawo rediyon ya rataya, ya wuce, Abarshi ya shayar da lambunan biyu, in ya gama ya kashe ya kai masa gida. Wata Lahadi Abarshi ya gwada kunna ta a kan hanya, amma da ya tuna maganar batir sai ya fasa.

Maharba suka biyo wata safiya za su daji neman gada. Da can, da ya jefar da komai ya bi su, ko kuma ya daure ya ƙi, ya wuni yana cizon yatsa. Yanzu kuwa, kafin su gama haɗa karnukansu ya gama ban ruwa, ya wanke ƙafa, ya bi su. Ya dawo da la'asar da zabi biyu na daji, ya aika wa Martha ɗaya. Aka yi suna a Kazage, ya je bayan hantsi, ya ci tuwo ya dawo. Abin ya ba shi mamaki: ga lambu kore shar, kuma bai rasa komai ba. Da layin da aka ja masa ya yi masa kaɗan, Baba Enoch ya ƙara masa taku kaɗan, ba yawa.

Kirsimeti ta zo. Kamar kowace shekara, Abarshi ne zai yanka wa Baba Enoch akuya, don maƙwabta Musulmi su ma su ci. Ya wasa wuƙa, ya sa rigarsa mai aska, ya nufi gidan da hantsi. Yana kaiwa bakin zaure ya tsaya cak. Kiɗa ne yake tashi daga cikin gidan, garau, ba shuuu ba komai.

Ya shiga. Ga rediyon a kan turmin da aka kife tsakar gida, tana ta rera waƙa. Helen ce ta zo hutu daga Kaduna, da farin takalminta, tana tsintar shinkafa kusa da ita. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Sannu da zuwa, Yaya Abarshi. Ina Habiba?"

"Lafiya lau. Helen, wannan abar, gyara ta kika yi?"

"Gyara? Me ya same ta?"

"Ba a ce ba ta kamawa a cikin gari ba? Saboda duwatsu?"

Helen ta yi dariya. "Wane duwatsu? Ai ko ƙarƙashin gado ka sa ta za ta kama. In dai ba tsakanin tasha da tasha mutum ya ajiye allurar ba."

Mawaƙin da ke cikin rediyon ya ci gaba da waƙarsa. Martha ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta suna rawa. Furera, wadda ta shigo taya girki, ta sunkuyar da kai cikin ƙwaryar shinkafa kamar ta ga wani abu a ciki. Baba Enoch ya fito daga ɗaki da hularsa ta zuwa coci, ya ga fuskar Abarshi, ya gane.

"Baba," in ji Abarshi, "dattijon coci guda?"

"Cewa na yi ina jin duwatsu ne. Ban rantse ba."

"Wa ya kitsa wannan?"

Idon Martha ya tafi kan Furera, na Furera ya tafi kan Martha.

"Wato ku uku kuka taru kuka mai da ni jaki. A riƙe masa dusa a gaba, yana tafe yana murna, bai san kaya yake ɗauke da su ba." Muryarsa ta hau. "Ni da ake aiko wa goro daga Saminaka! Ni kuke ganin ba ni da zuciyar da zan riƙe lambu da kaina?"

"Maigida," in ji Furera a hankali, "zuciya kam kana da ita, har ta yi yawa. Ba kullum take kwana a gida ba ne."

Helen ta juya baya don kada a ga bakinta. Abarshi ya yanka akuyar, domin alkawari ne, ya feɗe ta tsaf ba tare da ya yi wa kowa magana ba. Aka kawo masa shinkafa da nama, ya ci, har da ƙari, amma fuska a murtuke. Da zai fita ya juyo daga bakin zaure.

"Ku ji da kyau. Ƙafata ba za ta sake taka bakin rafin nan ba. Albasar ta bushe, in ga wanda zai yi asara."

Washegari da asuba ya fito masallaci da sauran fushinsa. Yana tafe yana shirya maganganun da ya kamata a ce ya faɗa wa Baba Enoch jiya. Da ya ce masa kaza. Da ya tuna masa kaza. Ita kuma Furera, wato har da kokon ma dabara ce. Wuta biyu! Ya yi tsaki, ya ja igiya da ƙarfi. Martha ma da dariyarta, to bari su gani. Ya juye, ya sake saukarwa. Sai da ruwan sanyi ya fantsar masa a ƙafa ya farga.

Yana tsaye a gindin kanya. Igiyar jigo tana hannunsa. Ruwa ya riga ya wuce fangalin farko yana shiga na gaba, albasa tana ta sha. Ba rediyo a reshe, ba Baba Enoch, ba kowa, sai tsuntsaye a cikin gora. Bai tuna sanda ya karkata hagu a ƙofar masallaci ba, bai tuna sanda ya ɗauko guga a bukka ba.

Ya saki igiyar kamar ta ƙona shi. Ya waiwaya dama, ya waiwaya hagu. Ya dubi sauran fangalin da ruwa bai kai ba, ganyen yana tsaye yana jira. Barin su haka ya yi masa wani iri a jiki, kamar mutum ya yi alwala ya bar ƙafa ɗaya. Ya ce a ransa, tun da dai ba wanda ya gani, bari ya ƙarasa ya gudu.

Yana kan na ƙarshe ya ji tari a bayansa. Furera ce da kwanon koko, Martha a gefenta, Baba Enoch yana biye da su da sandarsa, hannunsa ba rediyo.

"Ina kwana, ɗana?"

"Ba don kai na zo ba, Baba."

"Na sani."

"Ba kuma don rediyo ba."

"Na ga alama, tun da ga ta can a gida."

Abarshi ya dubi ƙafafunsa da suka yi kaca-kaca da laka. "Waɗannan ne. Ba su da zuciya ko kaɗan. Ni ina fushi, su suna tafiya."

Martha ce ta fara fashewa. Furera ta ajiye kwanon da sauri don kada ya zube. Abarshi ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, ya kasa, dariyar nan tasa ta ɓarke har tsuntsaye suka tashi daga gora. Baba Enoch ya zauna a kan saiwa yana share hawaye.

"Ni ma haka na fara," in ji dattijon da ya sami numfashi. "Kana ganin son jan jigo nake yi? Ina saurayi, Martha a nan take ɗiban ruwa kowace safiya. Na rasa dalilin da zan ba babanta na tsayuwa a bakin rafi, sai na buɗe lambu."

"Ƙarya yake," in ji Martha. "Shekarar farko ko tumatir ɗaya bai samu ba, ni yake kallo."

Tun daga ranar Abarshi ya shiga yi wa kansa dabara da kansa, kuma abin ya riƙa ba shi nishaɗi kamar wasa. In yana cire ciyawa, da gangan yake barin fangali ɗaya rabi, domin ya lura rabin aiki yana kiran mutum fiye da wanda ba a taɓa ba. Ya mayar da turken awakinsa bakin hanyar fadama, yana dawowa yana zuba musu ciyawar da ya ciro, takinsu kuma yana gangarawa da shi. Wata safiya sanyi ya yi yawa, jikinsa ya ƙi, sai ya ce wa kansa guga ɗaya kawai zai juye ya dawo. Ya juye ɗaya, hannu ya ci gaba. Rediyo wata rana tana zuwa, wata rana batir ya mutu sai an je Birnin Gwari. Ba wanda ya ƙara damuwa.

Da rani ya tsananta, gwaggon birai suka fito daga daji neman ɗanyen ganye. Suka shiga lambun da rana tsaka, suka tumɓuke albasa, kowanne ya gatsa ya yar. Abarshi ya iske wani babba a kan kanya yana murza ido yana atishawa. Maimakon ya yi rantsuwar kashe su duka, sai ya tsaya yana yi masa dariya, sannan ya mayar da waɗanda za su mayu, ya kewaye wurin da ƙaya. Asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Bazara ta kawo kai, ganyen albasa ya kwanta. Suka haƙa. Furera ta ɗago guda ta riƙe da hannu biyu, ja jawur, ta kusa kan Habiba girma.

"Maigida, wannan a lambunka ta fito?"

"A lambun tsohuwa," in ji shi, yana washe baki.

Suka shanya a tsakar gida har wurin taka ƙafa ya yi wuya. Gidan ya yi ta ƙamshin albasa, maƙwabta suna shigowa kallo, kowa ya fita da biyu ko uku a hannu. Da ta sha iska aka ɗura a buhuna, nasa da na Baba Enoch, aka kai bakin titi a jakuna. Wani direban babbar mota, Yusha'u, ya yarda ya kai su Kaduna. Lokacin an riga an koma hannun dama, Yusha'u ya ɗaura jan ƙyalle a wuyan hannunsa na dama, yana tuƙi yana duba shi a kowace kwana. Abarshi bai taɓa wuce Buruku ba. Yana zaune a kan buhunan, iska tana kaɗa masa riga, yana gaishe da duk wanda suka wuce.

Albasar ba ta wuni a kasuwa ba. Ya saya wa Furera atamfa mai ruwan ganye, ya saya wa Habiba 'yan kunne. Suka sauka a Kakuri, wurin Andrawus, ƙanen Baba Enoch, wanda yake aiki a masaƙa, a wani gidan haya mai ɗakuna a jere, kowace ƙofa da randa ko duro a gabanta.

Da asuba Abarshi ya yi salla, ya zauna a bakin ƙofa. Ya miƙe. Ya sake zama. Hannuwansa suna ta neman abin yi. Ya leƙa duron Andrawus ya ga ba ruwa, ya ɗauki bokiti biyu ya fita famfon bakin layi. Ya cika shi. Ya ga na maƙwabcin ma wayam, ya cika. Ya bi layin nan ƙofa ƙofa.

Da gari ya waye mata suka fito da bokitai za su bin layin famfo, kowace ta buɗe randarta ta tsaya. Wata mai jiki, Naomi, ta ɗaga murya tana tambayar wane ne ya yi wannan aiki. Andrawus ya fito yana murza ido, ya nuna baƙonsa, wanda ke zaune a kan benci rigarsa sharkaf.

Naomi ta dube shi sama da ƙasa. "Andrawus, kwana nawa baƙon nan zai yi?"

"Yau za su koma."

"Ba inda za shi! Akwai ɗaki a ƙarshen layi, mu za mu riƙa ciyar da shi."

Matan suka sa shewa. Kafin a jima an kewaye Abarshi da shayi da burodi da ƙosai da dafaffen ƙwai, kowace tana cewa nata zai fara ci. Baba Enoch ya fito ya same shi baki cike, ya ce ya yi sauri, Yusha'u ba ya jiran kowa. Abarshi ya cusa sauran burodin a aljihu, ya ɗauki ƙunshin atamfar a hammata, ya yi wa matan sallama, suka raka su har bakin titi.